Maƙoƙo, Gishiri da Maganin Farisa

Kwanan baya ina dawowa daga Kano, motarmu ta tsaya a Kwanar Dangora domin direba ya ƙara fasinja. Can gefen hanya ga wani mai magani ya kafa lasifika bisa tsohuwar mota, yana ta yabon wata kwalba. Wai daga ƙasar Farisa aka kawo ta, wai tana daidaita "homon" na mata, tana kawar da sanyi, tana kawo haihuwa, har kumburin wuya ma tana narkar da shi. Kusa da ni akwai wata 'yar'uwa da na sani a zumuntar mata, ta naɗe wuyanta da gyale ko da yake ana zafi. Sai na ga ta soma kwance bakin zanenta. Ta juyo ta ce, "Malam, kai da ka yi karatu, in saya?" Na ce, "Uwargida, ki ɗaure kuɗinki tukuna, mu yi magana a hanya." Abin da na gaya mata, da abin da na ƙara bincikawa daga baya, shi ne na kawo muku.

Mene ne homon?

Homon ɗan saƙo ne. Waɗansu gaɓoɓi a cikin jiki suna yin wani ruwa kaɗan ƙwarai, su zuba shi cikin jini, jini kuwa ya kai shi inda aka aike shi. Akwai wanda yake kula da sukari, akwai na girman yaro, akwai masu tsara al'adar mata da riƙon ciki. Kalmar ma ba ta daɗe ba, gama a shekarar 1905 ne wani masani a Ingila, Ernest Starling, ya fara amfani da ita.

Wanda ya shafe mu a yau yana fitowa daga wata 'yar tsoka da ke gaban maƙogwaro, mai siffar malam-buɗe-littafi. Likitoci suna kiranta tayirod. Ita ce kamar mai iza wutar jiki. In ta yi sanyin aiki, sai mutum ya riƙa jin ɗari da kasala, ya yi ƙiba ba dalili, ciki ya bushe, fata ta yi kaushi. Mace kuwa al'adarta takan rikice, ciki ya yi wuyar samuwa, ko ya samu ya zube. Mata nawa aka kira juya, aka zargi kishiya ko maƙwabciya da sammu, alhali damuwar tana nan a wuya?

Mutanen Farisa fa?

Farisa ba baƙuwa ba ce a gare mu. Ƙasar Sarki Sairus ce, a can ne kuma Esta ta zama sarauniya a Shushan. Yau ana kiranta Iran. Gaskiya ne ta yi manyan likitoci. Akwai Razi, mutumin birnin Rayy, da Ibn Sina wanda aka haifa kusa da Bukhara wajen shekarar 980, ya rasu a Hamadan a 1037. Littafinsa, Al-Ƙanun, an yi ɗaruruwan shekaru ana koyar da shi har a jami'o'in Turai. Wani kuma mai suna Jurjani, wanda ya rubuta babban littafin magani da harshen Farisa wajen 1110, ya lura cewa kumburin wuya yakan zo tare da fitowar idanu. Wannan lura ce ta mai ido.

Tushen koyarwarsu shi ne jiki yana da zafi da sanyi, da danshi da bushewa, lafiya kuwa ita ce kada ɗaya ya rinjayi sauran. Wannan ba zai ba Bahaushe mamaki ba, mu da muke cewa "sanyi ya kama ta". Sun kuma ce abu 6 ne suke riƙe da lafiya: iskar da ake shaƙa, ci da sha, motsi da hutu, barci da farkawa, fitar da abin da ya kamata jiki ya fitar, da kuma halin zuciya, wato fushi, baƙin ciki, tsoro da murna. Ban ga abin ƙi a cikin waɗannan ba. Likitan yau ma zai gaya maka rashin barci da yawan damuwa suna taɓa sukari da hawan jini, sukan kuma jinkirta al'adar mace. Ku lura kuma, ba ko ɗaya cikin shidan nan da ake sayarwa a kwalba.

Amma Ibn Sina bai san homon ba, bai kuwa san aidin ba. Sai a 1811 ne wani mutumin Faransa, Bernard Courtois, ya gano aidin a cikin tokar ciyawar teku. A 1820 wani likita a Janiba, Coindet, ya fara ba masu maƙoƙo shi, wuyansu ya sauka. Daga baya aka tabbatar cewa tayirod ba ta iya yin homon ɗinta sai da aidin. In ta rasa, sai ta yi ta kumbura tana ƙoƙarin tsame ɗan abin da ke cikin jini. Maƙoƙo ke nan. Citta da kanumfari da masoro suna ɗumama ciki, suna sa kunu daɗi, ni ma ina son su, amma ba za su ba wuya abin da ya rasa ba.

Ga abin da ya fi burge ni. Jikokin Ibn Sina da kansu sun yi fama da maƙoƙo ƙwarai. Da gwamnatin Iran ta tashi yaƙarsa, gishiri mai aidin ta wajabta a 1994, a shekarar 2000 kuwa Hukumar Lafiya ta Duniya ta shaida cewa ƙasar ta shawo kan matsalar. Ashe maganin Farisa na gaske yana nan a kasuwarmu, cikin leda.

Ƙasarmu da abincinmu

Aidin a teku yake da yawa, mu kuwa tsakaninmu da teku tafiyar kusan kilomita 1,000 ce. Ƙasa mai tuddai da yawan ruwan sama, irin ta wajen Riruwai da dajin Falgore a Doguwa, ruwa yakan wanke aidin ɗin da ke cikinta, saboda haka masarar da ta fito a wurin ba ta ɗauke da isasshe, kome kyanta. Kifin Tiga, wato madatsar da aka gama a 1974 a ƙasar Bebeji, abinci ne mai gina jiki, amma kifin ruwan daɗi bai kai na teku aidin ba. Shinkafar Tudun Wada ma ba za ta cike gurbin ba. Rogon da ba a jiƙa ko a dafa sosai ba yana da wani abu da ke hana wuya amfani da ɗan aidin da ya samu. An ga irin wannan game da gero a Darfur ta Sudan, inda mutane suka dogara gare shi kusan shi kaɗai. Ban ce a bar fura ba, a dai riƙa sauya abinci, a haɗa da wake, ƙwai, nono da miyar ganye.

Sa'ad da nake ɗan firamare, ba wuya ka ga tsohuwa a majami'a da wuya kamar ta rataya ƙaramin duma. Binciken da aka yi a 1993 ya nuna wajen kashi 20 cikin 100 na waɗanda aka duba a Nijeriya suna da maƙoƙo. A wannan shekara gwamnati ta sa doka cewa a riƙa sa aidin cikin gishirin ci, hukumar NAFDAC kuma tana cikin masu sa ido. A 2005 Nijeriya ta zama ƙasa ta farko a Afirka da aka shaida ta cika sharuɗan wannan aiki. Shi ya sa yaran yanzu da yawa ba su taɓa ganin babban maƙoƙo ba.

To, amma doka a ma'aikata take aiki, ba ta shiga ɗakin girki. Gishirin da aka tara a faifai a kasuwa, rana tana dukansa, damina tana jiƙa shi, aidin ɗinsa yakan ragu. Wanda aka yi domin dabbobi ko jima ba a tabbatar yana da shi ba, manda da kanwa kuwa ba a sa musu. Uwargida, ki sayi na leda mai lambar NAFDAC wanda aka rubuta yana da aidin, ki juye a gwangwani mai murfi, nesa da murhu, ki sa a miya dab da saukewa.

Babba yana bukatar maikirogiram 150 a rana, mai ciki da mai shayarwa 250. Duk abin da mutum zai ci a rayuwarsa bai wuce cokalin shayi ɗaya ba. A nan ne abin ya fi taɓa ni, ni mai riƙe alli. Ƙwaƙwalwar jariri tana ginuwa tun yana ciki da homon ɗin uwarsa. In uwa ta rasa aidin a watannin farko, yaron yana iya fitowa da nauyin fahimta, wani ma da kurumta, kuma bulalar malami ba ta gyara wannan. Nakan tuna da yaran da muka yi wa dariya a aji muna cewa daƙiƙai ne, sai jikina ya yi sanyi.

Kada wani ya ji wannan ya ce a ƙara gishiri. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babba ya wuce giram 5 a rana, wato ƙasa da cokalin shayi ɗaya, har da wanda ke cikin dunƙulen miya. Tun cikin shekarun 1970 likitocin Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya suka danganta ciwon zuciyar masu jego da yawan kunun kanwa da gashin jego, waɗanda ake yi domin korar sanyi. Aidin ɗin wanke gyambo kuwa ba na sha ba ne, guba ne.

Akwai kuma maƙoƙon da ba na rashin aidin ba. Wani lokaci tayirod takan yi aiki fiye da kima: mutum yana ci yana ramewa, zuciya tana bugawa da sauri, hannu yana rawa, idanu sun fito, irin wanda Jurjani ya gani. Mai wannan in ya ƙara aidin yana iya ƙara wa kansa ciwo. Gwajin jini ne kaɗai yake raba su. A fara da babban asibiti mafi kusa, in ya gagara za su tura mutum Kano, kamar Asibitin Koyarwa na Aminu Kano.

'Yar'uwar nan ba ta sayi kwalbar ba. Bayan sati 2 maigidanta ya kai ta birni, zumuntar mata ta taimaka da kuɗin mota. Gwaji ya nuna tayirod ɗinta ta yi sanyin aiki, aka ɗora ta a kan wata 'yar ƙwaya da za ta riƙa sha kowace safiya kafin ta ci kome, aka ce ta dawo bayan wata 2 a sake auna jinin. Ran Lahadin da ta wuce na gan ta cikin mawaƙa, gyalen yana kafaɗarta.