Kwamfuta Ɗaya, Hannaye Da Yawa: Yadda Linux Ke Raba Wa Kowa Iyakarsa

A makarantunmu da ofisoshi da shagunan buga takardu, da wuya ka ga kwamfutar da mutum ɗaya kaɗai ke taɓawa. Sakatare ya yi aikinsa da safe, akawu ya hau da rana, yaron shago ya kalli ƙwallo da yamma. Abin da aka saba shi ne a buɗe asusu ɗaya tak, a sa masa kalmar sirrin da kowa ya haddace, wani lokaci ma a rubuta ta a takarda a manna a jikin allo. Ranar da jerin sakamakon ɗalibai ya yi ɓatan dabo, ko aka wayi gari an taɓa alƙaluman kuɗi, sai a shiga kallon-kallo, domin a wajen kwamfutar mutum ɗaya ne ya yi komai.

Alhali an tanadi maganin wannan matsala tun fiye da shekara 50 da suka wuce. Babbar manhajar Linux, wadda ake samu kyauta da sunaye irin su Ubuntu da Debian da Fedora da Linux Mint, an gina ta ne a kan tunanin cewa mutane da yawa za su yi tarayya a na'ura ɗaya. Gado ta yi daga Unix, wadda Ken Thompson da Dennis Ritchie suka fara ƙirƙira a 1969 a cibiyar bincike ta Bell Labs da ke Amurka. A wancan zamani kwamfuta tsada gare ta ƙwarai, sai cibiya ta sayi ɗaya, ma'aikata da ɗalibai su riƙa shiga cikinta a lokaci guda, kowa daga teburinsa. Dole aka nemi hanyar hana wani leƙa kayan wani. Da Linus Torvalds, ɗalibi a Jami'ar Helsinki ta ƙasar Finland, ya fitar da Linux a 1991, wannan tsari ya ɗauko, masu gina manhajar a sassan duniya suka ci gaba da yi masa ƙari. Tsarin ya tsaya ne a kan tambayoyi uku da kwamfutar ke yi wa duk wanda ya zo: wane ne kai, me aka yarje maka, kuma daga ina kake magana?

Wane ne kai?

Allon da ke tarbar mutum da neman suna da kalmar sirri wata ƙaramar manhaja ce mai zaman kanta. Masu amfani da fuskar GNOME suna ganin GDM, masu KDE Plasma galibi suna ganin SDDM, wasu kuma LightDM. Ba ita ke yanke hukunci ba. Miƙa abin da ka rubuta take yi ga wani sashe mai suna PAM, wanda kamfanin Sun Microsystems ya gabatar da tsarinsa a 1995. Amfaninsa shi ne mai kula da kwamfuta zai iya sauya ƙa'idar shiga a wuri ɗaya: ya ce a karɓi zanen yatsa, ko a rufe asusu na ɗan lokaci in an yi kuskuren kalmar sirri sau da yawa, ko a hana wani shiga bayan an tashi aiki.

Ita kanta kalmar sirrin ba a ajiye ta yadda ka rubuta. Ana sarrafa ta da wani lissafi da ba ya komawa baya, a ajiye sakamakon a fayil ɗin da gama-garin masu amfani ba sa iya buɗewa. In ka zo shiga, sai a sake yi wa abin da ka rubuta wannan lissafi, a gwada da na ajiye. Robert Morris da Ken Thompson sun yi bayanin wannan dabara a wata maƙala tun 1979. Shi ya sa mai kula da kwamfuta zai iya sauya maka kalmar sirri in ka manta, amma ba zai iya karanto maka tsohuwar ba.

Da zarar an yarda da kai, sunanka ya gama aiki, lamba ce ke wakiltarka. A yawancin nau'o'in Linux mutum na farko da aka buɗe wa asusu lambarsa 1000, na biyu 1001, haka har ƙarshe. Duk fayil ɗin da ka ƙirƙira, da duk manhajar da ka kunna, da wannan lamba ake yi musu shaida.

Me aka yarje maka?

Kowane fayil yana da mai shi, yana da rukunin da aka jingina shi gare shi, sannan akwai sauran jama'a. Kowane ɗaya cikin ukun nan ana iya ba shi izini iri uku: karantawa, da rubutawa, da kunnawa. An ba karantawa maki 4, rubutawa 2, kunnawa 1, sai a haɗa. Fayil mai lamba 644 yana nufin mai shi zai karanta ya gyara, rukuni da sauran jama'a kuwa karatu kawai. Folda mai 700 tana nufin mai ita kaɗai ke shiga. Da wannan ɗan lissafi makaranta za ta iya buɗe rukunin malamai, ta ajiye tambayoyin jarrabawa a foldar da su kaɗai ke gani, ɗalibai kuma su yi aikinsu a kan kwamfutar ba tare da sun iya leƙawa ba.

Akwai wuri biyu da ake yawan tuntuɓe. Na farko, ba kowane nau'in Linux ke rufe foldar mutum tun daga farko ba. Ubuntu ta daɗe tana barin ta a 755, ma'ana duk mai asusu a kwamfutar zai iya karanta takardun ɗan'uwansa, sai a fitowar 21.04 ta shekarar 2021 aka mayar da sababbin asusu 750. Wanda ke da tsohuwar kwamfuta ya kamata ya duba tasa. Na biyu, in fayil ya ƙi buɗuwa, sau da yawa za a ba ka shawarar mayar da shi 777. Zai buɗu kam, amma ka ba kowa da kowa damar gyara shi da goge abin da ke ciki.

Sama da kowa akwai asusu mai lamba 0, wanda ake kira root. Misalinsa kamar gidan haya ne: kowane ɗan haya da makullin ɗakinsa, mai gida kuma yana riƙe da wanda ke buɗe kowace ƙofa. Wannan asusu ba a tambayarsa izini, kuma kwamfuta ba ta yi masa gardama, ko da umarnin da ya bayar zai shafe komai. Saboda haka masana ba sa yin aikin yau da kullum da shi. Suna amfani da sudo, wadda Bob Coggeshall da Cliff Spencer suka fara rubutawa wajen 1980 a jami'ar jihar New York da ke Buffalo. Aikinta shi ne ta ara wa mutum ikon root don umarni ɗaya, bayan ya sake shigar da kalmar sirrinsa, sannan ta rubuta wanda ya yi, da abin da ya yi, da lokacin. Ubuntu, tun fitowarta a 2004, ta toshe shiga kai tsaye da asusun root. Wanda aka sa cikin rukunin sudo a Ubuntu da Debian, ko rukunin wheel a Fedora, shi ke da wannan dama, kuma wanda ya girka manhajar galibi yana ciki. Nan ne haɗarin asusu ɗaya na kowa da kowa yake, domin mafi yawan lokaci wannan asusu na farko ne ake rabawa, sai ya zama an damƙa wa yaron shago makullin mai gida.

Daga ina kake magana?

Tsohon tsarin Unix ya san mutum da fayil, amma bai damu da wanda ke zaune gaban allo ba. Kwamfutar tebur kuwa tana da lasifika da kyamara da makirfo da ramin filasha. Wa ya kamata ya mallake su in mutum uku suna ciki a lokaci guda? An yi amfani da manhajar ConsoleKit wajen warware wannan, daga baya logind ta maye gurbinta. Ita logind ɓangare ce ta manhajar systemd, wadda Lennart Poettering da Kay Sievers suka fitar a 2010. Waɗanda ba sa son systemd, irin su masu nau'in Linux na Devuan, suna amfani da wannan ɓangare da aka ɓalle daban da sunan elogind.

Duk shigar da mutum ya yi, logind tana buɗe masa zama, ta rubuta ko a gaban na'urar yake ko daga nesa ya shigo ta intanet, kuma ko allonsa ne ke gaba a yanzu. Wanda zamansa ke gaba shi ake ba kyamara da sauti. In ƙanwarka ta sauya zuwa asusunta ba tare da ka fita ba, aikinka yana nan a baya yana jiranka, amma ikon na'urorin ya koma hannunta. Wannan ne ke hana wani da ya shigo daga nesa kunna makirfo ya saurari hirar da ake yi a ofis. Umarnin loginctl yana nuna duk zaman da ke buɗe, kuma mai kula zai iya rufe wanda ya ga bai gamsu da shi ba. Tsarin har ya ba da damar a jona allo biyu ko uku, kowanne da madannai da linzaminsa, a jikin kwamfuta ɗaya, ɗalibai su yi aiki a tare kowa a asusunsa. Ga makarantar da kuɗinta bai taka kara ya karya ba, wannan ba ƙaramin sauƙi ba ne.

Abokiyar aikin logind ita ce polkit, wadda David Zeuthen ya fara ginawa da sunan PolicyKit. Ita ke fito da ɗan akwatin nan mai neman kalmar sirri in ka zo sauya agogon na'ura ko buɗe wa wani asusu. Hukuncinta yana duba aikin da kuma inda mai nema yake. Wanda ke zaune gaban kwamfuta zai soka filasha ta buɗu, ko ya kashe na'urar, ba a tambaye shi komai ba. Wanda ya shigo daga nesa ya nemi yin haka, sai ya kawo shaidar mai kula. Hikimar ita ce a ba mutum ƙaramin ikon da yake buƙata ba tare da an miƙa masa duka ba.

Inda katangar take da ɓaraka

Kada a ɗauka tunda asalin rubutun manhajar a buɗe yake ga kowa, to babu kuskure a ciki. A watan Janairun 2021 masu bincike na kamfanin Qualys sun bayyana wata ɓaraka a sudo da ta kwana tun 2011. Bayan shekara ɗaya, a Janairun 2022, suka sake bayyana wata a polkit, aka yi mata laƙabi da PwnKit, wadda ta shafe sama da shekara 12 ba a lura ba. Dukansu biyu suna ba ƙaramin mai asusu damar zama root. Da ɗan gari akan ci gari: mai kutse ba ya buƙatar asusun shugaba, na ɗalibi mai kalmar sirri 1234 ya ishe shi somawa. An toshe ɓarakokin cikin gaggawa, amma gyaran yana isa ne kawai ga kwamfutar da ake sabuntawa.

Haka kuma wannan tsari tsakanin mutum da mutum yake shiga, ba tsakanin manhaja da manhaja ba. Duk abin da ka kunna da asusunka yana iya taɓa duk fayilolinka. A tsohon tsarin nuna hoto na X11, wanda ya fito a 1987, wata manhaja tana iya ganin abin da kake bugawa a cikin wata. Wayland, da aka fara a 2008, ta zo ne da niyyar rufe wannan ƙofa, kuma gare ta GNOME da KDE Plasma suka karkata. Wayar Android da ke aljihun mai karatu a kan Linux take, kuma ta yi amfani da tsohuwar dabarar lamba ta wata fuska: kowace manhaja ana ba ta lambarta kamar mutum, don kada ta leƙa kayan wata. Wani tsari mai suna Flatpak na ƙoƙarin kawo irin wannan killacewa a kwamfutar tebur.

Na ƙarshe, duk izinin nan yana aiki ne muddin babbar manhajar ce ke riƙe da na'urar. Wanda ya sace kwamfuta, ya tayar da ita da wata filasha, ko ya cire ma'ajiyar bayanan ya jona a wata, zai karanta komai. Maganin wannan shi ne kulle ma'ajiyar gaba ɗaya da tsarin LUKS, wanda galibin nau'o'in Linux ke tayin sa lokacin girkawa.

Abin da ya rage gare mu

A buɗe wa kowa asusunsa, aikin minti biyu ne a sashen saituna. A bar ikon sudo a hannun mutum ɗaya ko biyu da aka amince da su. Mai tashi daga kujera ya kulle allo, a GNOME danna maɓallin Super tare da L ya wadatar, in ya gama aikin ranar kuma ya fita gaba ɗaya. A kashe shiga ba tare da kalmar sirri ba a duk kwamfutar da ke ɗauke da bayanan jama'a. Ma'aikacin da ya bar aiki a rufe asusunsa a ranar. A riƙa sabunta manhaja ko da sau ɗaya a mako.

Wasu shugabanni suna jin nauyin yin haka, suna ganin kamar zargin abokan aiki ne. Gaskiyar ita ce raba asusu ya fi kare mai gaskiya. In kowa da lambarsa, kowa ya ɗebo da zafi bakinsa, kuma sakataren da bai taɓa alƙaluman kuɗi ba yana da shaidar da za ta wanke shi ba sai ya yi rantsuwa ba.