Alofurinol, Maganin Ciwon Gawut: Illolinsa da Yadda Ake Kauce Musu

Ciwon gawut wani nau'i ne na amosanin gaɓɓai wanda yake samuwa idan sinadarin yurik asid ya yi yawa a cikin jini har ya daskare ya zama ƙananan ƙwayoyi masu tsini a cikin gaɓa, kuma ya fi kama gindin babban yatsan ƙafa, inda yakan taso cikin dare da kumburi da raɗaɗin da ko mayafi ya taɓa wurin mai ciwon ba ya iya jurewa. Shi yurik asid shara ce da jiki yake samarwa idan ya narkar da sinadaran furin, waɗanda ake samu a ƙwayoyin halittar jikin kansa da kuma abinci irin su kayan ciki da jan nama da giya, kuma ƙoda ce take tace mafi yawansa ta fitar da shi ta fitsari.

Maganin da aka fi amfani da shi a duniya domin rage wannan sinadari shi ne alofurinol, wanda ake sayarwa da sunaye irin su Zyloric. Ya fito ne daga ɗakin binciken Gertrude Elion da George Hitchings, masanan da suka sami lambar yabo ta Nobel a 1988, kuma hukumar kula da magunguna ta Amurka ta amince da shi a 1966. Aikinsa shi ne dakushe wani sinadari mai suna zantin oksidas, wanda da shi jiki yake haɗa yurik asid, saboda haka ba ya kashe raɗaɗi nan take, sai dai yana hana ciwon dawowa idan aka daɗe ana shan sa kullum. Mafi yawan masu shan sa ba sa ganin wata matsala, amma akwai alamomi biyu da sukan bayyana a farkon sha, waɗanda kowacce take buƙatar matakin da ya saɓa wa na ɗayar: ɗaya tana buƙatar a daure a ci gaba, ɗayar kuma tana buƙatar a daina nan take.

Alama ta farko ita ce tashin ciwon kansa. A watannin farko, yayin da yurik asid yake raguwa a cikin jini, ƙwayoyin da suka daɗe a daskare cikin gaɓa sukan fara narkewa suna ɓarɓashi, sai garkuwar jiki ta far musu, gaɓar ta kumbura kamar yadda ta saba ko ma fiye. Marasa lafiya da yawa sukan ɗauka maganin bai karɓe su ba, su ajiye shi, alhali wannan tashin yana nuna cewa ya fara aiki ne, kuma yawan ajiyewa da komawa yana ƙara yawaita tashin. Wannan ne ya sa ƙa'idojin da Kwalejin Likitocin Amosanin Gaɓɓai ta Amurka ta fitar a 2020 suka ba da shawarar a fara da miligiram 100 a rana ko ƙasa da haka, a riƙa ƙarawa sannu a hankali har awon yurik asid ya sauka ƙasa da miligiram 6 a kowace desilita ta jini, tare da haɗa wa mara lafiya wani maganin hana kumburi, kamar kolcisin, na tsawon wata 3 zuwa 6. Shi ma kolcisin yakan jawo gudawa da murɗawar ciki, kuma yana da haɗari matuƙa idan aka wuce adadin da likita ya rubuta.

Alama ta biyu ita ce ƙuraje ko ƙaiƙayi a fata, waɗanda sukan fito wa kimanin mutum 2 cikin 100. Yawancinsu masu sauƙi ne da sukan baje idan aka daina maganin, amma tun da ba a iya bambance mai sauƙi da mai tsanani a ranar farko, ƙa'ida ita ce a dakatar da sha a je asibiti a ranar. A wajen mutane ƙalilan, kimanin 1 zuwa 4 cikin 1,000, garkuwar jiki takan yi wa maganin mummunan tawaye, wanda yake zuwa da siffofi daban-daban. Ɗaya ita ce cutar Stevens-Johnson, wadda likitocin yara biyu na Amurka suka bayyana a 1922, inda zazzaɓi da ciwon maƙogwaro suke fara zuwa, sannan leɓɓa da cikin baki da idanu da al'aura su yi gyambo, fata ta yi bororo tana saɓulewa kamar ta wanda ya ƙone da wuta. Wata siffar kuma takan zo da zazzaɓi da kumburin fuska da kaluluwa, ta taɓa hanta da ƙoda, har idanu su yi rawaya ko fitsari ya ragu. Idan abin ya kai wannan matsayi, kusan mutum 1 cikin kowane 4 ko 5 yakan rasa ransa.

Wannan haɗari ya fi yawa a makonni da watannin farko, kuma an san abubuwan da suke ƙara shi. Na farko shi ne raunin ƙoda, domin jiki yana mayar da alofurinol wani sinadari mai suna oksifurinol, wanda ƙoda ce take fitar da shi, idan kuwa ta gaza sai ya taru. Na biyu shi ne farawa da adadi mai yawa, kamar ƙwayar miligiram 300 tun ranar farko. Na uku shi ne shan magungunan hawan jini masu sa fitsari na dangin tiyazayid, waɗanda su kansu suna ɗaga yurik asid. Na huɗu kuma gado ne, domin a 2005 masu bincike a Taiwan sun gano cewa masu ɗauke da wani nau'in ƙwayar gado mai suna HLA-B*58:01 sun fi kowa faɗawa wannan matsala. An fi samun sa a tsakanin Sinawa da Koriyawa da mutanen Tailan, sannan baƙaƙen fatar Amurka, kuma ƙa'idojin 2020 sun ba da shawarar a yi wa waɗannan al'ummomi gwajinsa kafin a fara ba su maganin.

Ga masu karatu a ƙasar Hausa akwai abubuwa biyu da suka cancanci kulawa ta musamman. Jan da fata take yi, wanda littattafan likitanci suke kwatanta ƙurajen da shi, ba ya fitowa sosai a baƙar fata, saboda haka sai an lura da duhun da wurin ya yi, da zafinsa, da gyambon baki da jan ido. Sannan zazzaɓin da yake share fagen cutar yana da sauƙin ɗauka a matsayin na cizon sauro, a sayo magani a kemis ana sha, alhali ana ci gaba da haɗiyar abin da ya jawo shi.

Akwai kuma ƙananan illoli irin su tashin zuciya da gudawa da jin barci, waɗanda sukan ragu idan ana shan maganin bayan cin abinci tare da isasshen ruwa. Haɗa shi da wasu magunguna ma yana buƙatar sanin likita, musamman azatiyofirin da makaftofurin, waɗanda ake bai wa waɗanda aka yi wa dashen ƙoda da masu wasu cututtukan garkuwar jiki ko sankarar jini, domin alofurinol yana hana jiki narkar da su har su taru su durƙusar da ɓargo, wurin da ake samar da jini. Haka nan amoksisilin da amfisilin suna ƙara yawan fitowar ƙuraje, wafarin mai tsinka jini kuma ƙarfinsa yakan ƙaru.

Ya kamata a sani cewa ba kowane ciwon gaɓa ne gawut ba, kuma ganin yurik asid ya hau a takardar gwaji, ba tare da ciwon ya taɓa tashi ba, bai isa dalilin fara wannan magani ba. Wanda likita ya tabbatar yana da gawut, ya nemi a auna masa ƙoda kafin ya fara, ya faɗi duk magungunan da yake sha, har da na gargajiya, ya fara da kaɗan, kuma kada tashin ciwo ya sa ya ajiye. Amma duk ranar da ya ga ƙuraje, ko zazzaɓi, ko gyambo a baki ko ido, ya daina sha ya garzaya asibiti da kwalin maganin a hannunsa, kuma kada ya sake komawa gare shi sai da izinin likita.