Shirin Musamman: Zaman Bincike Bayan Digirin Digirgir

Zaman bincike bayan digirin digirgir, wanda malaman jami'a ke taƙaitawa su ce fosdok, lokaci ne na shekara ɗaya zuwa uku da sabon dakta ke samu don ya duƙufa ga bincike a ƙarƙashin wani gogaggen masani, galibi a jami'a ko cibiyar da ba a nan ya yi karatu ba. Babu jarrabawa a ƙarshensa, babu rigar yaye, babu sabon laƙabi. Ana biyan mutum kuɗin zama da na aiki, a sauke masa nauyin koyarwa, a buɗe masa ɗakin gwaji da ɗakin karatu. Abin da ake jira daga gare shi kuwa shi ne maƙalu a mujallun masana, ko littafi, ko sabuwar hanyar warware wata matsala.

Wannan tsari ba baƙo ba ne ga wanda ya san karatun tsangaya. Almajirin da ya yi saukar fari ba a ce masa alaramma. Sai ya koma ya yi tishe, ya bar garinsu ya nufi gabas wajen wani malamin, wani lokaci ya keɓe a kiskadi yana tilawa dare da rana, har karatun ya zauna masa. Haka digirin digirgir yake. Shaida ce cewa mutum ya iya bincike a hannun mai duba shi. Zaman da ke biyo baya shi ke nuna ko zai iya tsayawa da ƙafarsa, ya zaɓi tambayarsa, ya nemo kuɗin aikinsa, ya kuma yaye wasu.

A tsarin boko, al'adar ta yi ƙarfi ne a Amurka. A shekarar 1919 Majalisar Bincike ta ƙasar, da kuɗin Gidauniyar Rockefeller, ta fara ba sababbin daktoci a fannin kimiyyar fiziks da ta haɗa sinadarai tallafin zama su yi bincike zalla. Daga nan abin ya bazu zuwa sauran fannoni da sauran ƙasashe. Yau a Jamus da Ingila da Afirka ta Kudu, da wuya mai ilimin kimiyya ya samu kujerar koyarwa ta dindindin bai yi irin wannan zama ba.

A Nijeriya lamarin ya sha bamban. Yawancin masu digirin digirgir sun riga sun zama malaman jami'a kafin su kammala, don haka da zarar an sa hannu a kundin, sai mutum ya koma sashensa. Wannan ya fi fitowa fili a sababbin jami'o'i irin Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma, ɗaya daga cikin tara da gwamnatin Goodluck Jonathan ta kafa a 2011, wadda Farfesa James Ayatse ya fara shugabanta. Sabuwar jami'a kan tashi ne da matasan malamai masu yawa da farfesoshi kaɗan, wasunsu ma aro ne daga Zariya ko Kano. A irin wannan wuri, dakta sabon fitowa shi ne jakin gida. Za a ɗora masa darussa huɗu ko biyar, a ba shi kula da sakamakon jarrabawa na aji guda, a jera masa ɗaliban shekarar ƙarshe masu rubuta kundi, a kuma sa shi cikin kwamitoci. Teburinsa ba ya rabuwa da ɗaurin takardun jarrabawa, kundin da ya sha wahalar shekara huɗu ko biyar a kansa kuwa yana can saman kabad yana shan ƙura. In aka ɗauki shekara biyar a haka, zafin binciken ya huce. Bahaushe ya ce da zafi-zafi akan bugi ƙarfe, kuma amfanin fosdok ke nan: ya tsare wa matashin masani waɗannan shekaru na farko kafin hidima ta cinye su.

Babbar ƙofar samun fosdok a cikin gida ita ce Asusun Tallafa wa Manyan Makarantu, wato TETFund. Asalinsa dokar harajin ilimi ce ta 1993, wadda ta ɗora wa kamfanoni biyan kashi 2 cikin ɗari na ribarsu, kason da ya kai kashi 3 a 2023. Dokar 2011 ce ta taƙaita aikin asusun ga jami'o'i da kwalejojin kimiyya da fasaha da kwalejojin ilimi na gwamnati, don haka malaman Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita da ke Dutsin-Ma da na Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa da ke Katsina suna cikin masu haƙƙi. A ƙarƙashin shirinsa na horar da malamai akwai gurbin fosdok, akwai kuma gajeren zama a ɗakin gwaji na wata cibiya ga mai buƙatar na'urar da babu ita a makarantarsa. Malami ba ya nema kai tsaye. Makarantarsa ce ke tantance shi ta miƙa sunansa, shi kuma ya sa hannu a yarjejeniyar dawowa ya yi aiki. Daga farkon 2025 asusun ya dakatar da tura malamai karatu ƙasashen waje, saboda tsadar canjin kuɗi da kuma yawan waɗanda suka tafi suka ƙi dawowa. Wannan ya ƙara wa ƙofofin waje muhimmanci.

Ƙofofin waje suna da dama, kowace da sharaɗinta. Gidauniyar Alexander von Humboldt ta Jamus tana da tallafin Georg Forster, wanda aka ware wa masana daga ƙasashe masu tasowa. Sabon dakta da bai wuce shekara huɗu da kammalawa ba yana iya samun zaman wata 6 zuwa 24, tare da kuɗin iyali da na koyon Jamusanci, har da tallafin sake zama a gida bayan dawowa. Tarayyar Turai tana da tallafin Marie Curie, na shekara ɗaya zuwa biyu, ga ɗan kowace ƙasa da bai haura shekara takwas yana bincike bayan digirinsa ba. Akwai cibiyar TWAS da ke birnin Tiriyeste na Italiya, wadda Abdus Salam, ɗan Pakistan da ya ci kyautar Nobel a 1979, ya kafa a 1983. Ita takan haɗa masanan ƙasashe masu tasowa da ɗakunan gwaji a wurare irin Indiya da Sin da Pakistan da Barazil. A fannin harshe da tarihi da adabi kuwa, shirin da Gidauniyar Carnegie ta ɗauki nauyinsa daga 2008 ya taɓa ba matasan masana na Nijeriya da Gana da Yuganda da Tanzaniya da Afirka ta Kudu damar ajiye alli na shekara guda su mai da kundinsu littafi.

Neman kowanne daga cikinsu yana tsayawa ne a kan duwatsun murhu uku. Na farko maƙalun da mutum ya riga ya buga. A nan ne da yawa ke tuntuɓe, domin akwai mujallun da ke karɓar kuɗi su buga komai cikin mako biyu ba tare da wani masani ya duba ba, kuma masu tantancewa sun san su sarai. Maƙala biyu a mujalla mai mutunci sun fi ashirin a waɗancan. Na biyu mai masauki, wato farfesan da ya yarda a rubuce cewa zai karɓi mutum a ɗakin gwajinsa. Ana samunsa ne ta hanyar karanta aikinsa da rubuta masa wasiƙa mai nuna an karanta. Na uku tsarin binciken kansa.

A wannan na ukun ne ɗan Dutsin-Ma ko Kurfi yake da abin da wasu ba su da shi. Duk wanda ya bi hanyar Katsina zuwa Dutsin-Ma ta Kurfi a ƙarshen damina zai ga gonakin dawa da gero da furen wuta-wuta ya mamaye, jan fure mai kyan gani a sama, a ƙasa kuwa saiwarsa ta kama ta dawa tana tsotse ta. Manomi yakan tuge ta da hannu, amma tsabarta ƙanana ne kamar ƙura, suna iya kwanciya a ƙasa shekaru masu yawa suna jiran saiwar hatsi. Masanin tsirrai da ya tashi yana ganin wannan, ya san gonar da ta fi kamuwa da irin da ya fi jurewa, in ya rubuta cewa yana son watanni goma sha takwas a ɗakin gwaji mai na'urar karanta ƙwayoyin gado don ya gano sirrin wannan juriya, ya zo da tambayar da mai masaukinsa ba zai samu a littafi ba. Haka madatsar ruwa ta Zobe, da aka kammala a 1983 a kan kogin Karaduwa, take cike da tambayoyi kan kifi da noman rani da ingancin ruwan sha.

Cikas ɗin ma sanannu ne. Wa'adin shekaru yana ƙarewa tun mutum bai ankara ba. Sashen da ke da daktoci uku kacal yana jin nauyin sakin ɗaya. Mata masu goyo ko ƙananan yara sun fi shan wahalar tafiya, kodayake yawancin masu ba da tallafin suna ɗebe lokacin haihuwa daga lissafin shekarun. Matsalar tsaro a ƙananan hukumomin da ke maƙwabtaka, irin Safana da Batsari, ta sa shiga wasu ƙauyuka don tattara bayanai ya yi wuya, alhali bincike a kan noma da kiwo a gona da ruga ake yinsa.

Sai batun dawowa, wanda tsohuwar damuwa ce a ƙasar Katsina. Muhammadu al-Katsinawi, masanin lissafi da taurari, ya tafi aikin hajji, ya zauna a Alƙahira yana rubutu da koyarwa, can kuma ya rasu a 1741. Iliminsa ya amfani Masar fiye da garinsu. Abin da ke riƙe masani a yau shi ne abin da zai tarar in ya dawo: wutar lantarki mai tsayawa, firijin ajiye samfuri, intanet, ɗan kuɗin fara aiki, da shugaban sashe da zai rage masa darussa. Tallafin bincike na cikin makaranta da Asusun Bincike na Ƙasa, waɗanda duka TETFund ke gudanarwa, an yi su ne don toshe wannan giɓi.

Matakin ƙarshe shi ne jami'a ta zama mai masauki ita ma. Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru a Zariya da Cibiyar Noman Ƙasa Mai Ƙarancin Ruwa ta Jami'ar Bayero a Kano sun nuna cewa masana daga wasu ƙasashe suna zuwa Arewa in akwai abin zuwa dominsa. Jami'ar Dutsin-Ma tana da tsangayar aikin gona tun farkon kafuwarta, tana da madatsar ruwa a kusa, tana kuma tsakiyar ƙasar gero da dawa da wake. Gurbi biyu ko uku na fosdok a shekara, da albashi tsayayye da ɗaki da kayan aiki, sun isa su jawo sabon dakta daga Maraɗi ko Sakkwato ya zo ya yi shekara biyu yana aiki tare da manoman Kurfi, ya kuma bar wa ɗaliban sashen dabarun da ya zo da su.