Kore da ja ba su isa su bayyana kasuwar hannun jari ba

A Badarawa ta Kaduna da maƙwabtanta irin su Malali da Unguwar Sarki, ba a rasa tsofaffin ma'aikata da suka sayi hannun jarin bankuna lokacin da gwamnan Babban Bankin Najeriya na wancan zamani, Charles Soludo, ya tilasta wa bankuna tara jarin naira biliyan 25 a 2005. Kasuwa ta yi ta hawa har watan Maris na 2008, ma'auninta ya haura 66,000, sannan ta rufta. Da yawansu sai a jarida suka ga asarar, duk da cewa kasuwar tana da reshe a Kaduna tun 1978.

Yau 'ya'yansu na saye da sayarwa ta manhajar waya. Sai dai yawancin abin da allon ke fara nunawa lamba ce da kibiya: kore in farashi ya hau, ja in ya sauka. Wannan bai wadatar ba, kuma yakan ruɗi mutum.

Babban ma'aunin kasuwar hannun jari ta Najeriya (NGX), wanda ya fara daga 100 a 1984, yana auna kamfanoni ne gwargwadon girman jarinsu. Idan Dangote Cement da MTN da BUA suka motsa sama, ma'aunin zai yi kore ko da ƙananan kamfanoni da dama sun faɗi. Mai tsara manhaja nagari zai zana kasuwar kamar rumfunan Kasuwar Barci, kowane kamfani da filinsa daidai girmansa, mutum ya taɓa ɓangaren bankuna ko na siminti ya shiga ciki ya duba. Ƙarƙashin kowane farashi kuma a nuna yawan hannayen jarin da aka yi cinikinsu, domin tashin farashi a ranar da ciniki bai taka kara ya karya ba, ba abin dogaro ba ne.

Abin da ya fi damuna shi ne hauhawar farashin kayayyaki. A 2024 ta wuce kashi 30 cikin ɗari, don haka wanda jarinsa ya ƙaru da kashi 20 asara ya yi, alhali allo na taya shi murna. Maɓalli guda zai iya cire wannan ya nuna ainihin ribar.

Sannan a sa wani maɓalli da zai ware kamfanonin da suka dace da Shari'a, tunda ma'aunin Lotus Islamic yana nan tun 2012, a kuma rubuta bayanan da Hausa, a rage nauyin manhajar yadda ƙaramar waya mai ƙarancin data za ta iya buɗe ta.