Dokar Awo da Rubutun Jikin Kaya: Bayani Ga Hakimai da Malamansu

Mai sayen gero a kasuwar Tsafe ko Bunguɗu yana ganin mudu da idonsa, in an tauye masa sai ya yi magana nan take. Amma mai sayen madarar gwangwani ko ƙunshin sukari a kantunan Gusau ba shi da wani mudu sai rubutun da ke jikin kayan. Saboda haka ne doka ta tsare wannan rubutu.

Waɗansu 'yan kasuwa sukan ce wai dokar ba ta hau kansu ba, tun da ba daga fadar Sarki ko Majalisar Jiha ta fito ba. Wannan kuskure ne. Tsarin Mulki na 1999 ya sa sha'anin awo da ma'auni a hannun Gwamnatin Tarayya kaɗai, watau dokarta ta hau kan kowace kasuwa a Nijeriya, ta birni da ta ƙauye.

An kafa Dokar Awo a 1962, sa'an nan aka sāke ta a 1974. Yanzu da kilo da lita da mita ake awon ciniki, maimakon laba da galan da yadi. A 1993 kuma aka kafa hukumar NAFDAC domin lura da abinci da magunguna. Bisa ƙa'idarta, tilas ne kowane ƙunshin abinci ya nuna:

1. sunan abin da kayan haɗinsa;
2. nauyinsa ko yawansa, ban da na mazubi;
3. sunan mai yinsa da adireshinsa;
4. ranar da aka yi shi da ranar ƙarewar amfaninsa;
5. lambar rajista ta hukumar.

In an rubuta kilo 1 alhali abin da ke ciki bai kai ba, an yi algus ke nan, daidai da mai buga gindin mudu.

Gwada ma'auni aikin sufetocin awo ne, hukunci kuwa na kotu. Abin da ake bukata ga Hakimi shi ne ya tara dagatai da sarakunan kasuwa ya fahimtar da su. In an kawo ƙara, malami ya rubuta sunan kayan da lambarsu da kantin da ranar saye, a adana ƙunshin yadda yake, a aika wa hukuma ba tare da jinkiri ba.