Sayen Kayan Gyaran Mota ta Waya: Ina Rigimar Farashi Take Farawa?

A wannan fitowar, ƙungiyarmu ta 'yan jarida ta ɗauko batun da ya shafi gidaje da yawa a Kucheri. Garinmu yana kan hanyar Gusau zuwa Funtua, kuma da yawa daga cikinmu da kuɗin mota ake ciyar da mu, ake saya mana littattafai. Wani babansa direban Golf ne, wani yayansa ke jan Sharon, wani kuma yana zuwa garejin kanikawa bayan an tashi makaranta. Idan inji ya buga ko giya ta lalace, motar za ta kwanta, abincin gida ma ya ragu. Yanzu kuma mu yara ake miƙa wa waya a ce: “Duba mana ko za a samu a intanet.” Saboda haka ya kamata mu san yadda wannan ciniki yake.

Daga ina kayan suke zuwa?

Yawancin kayan gyara na hannu ana cire su ne daga motocin da suka gama aiki a Turai, Amurka da Japan. Ana kiran su Baljiyam saboda tashar jiragen ruwa ta Antwerp da ke ƙasar Baljiyam ta daɗe tana aiko da tsofaffin motoci zuwa Afirka ta Yamma, ta Kwatano da Legas. Daga nan sai su bazu zuwa manyan kasuwanni: Ladipo a Legas, Nkwo Nnewi a jihar Anambra, Panteka a Kaduna, da Ƙofar Ruwa a Kano. A da, sai mai mota ya ɗauki bakanikensa su tafi Gusau, in ba a samu ba su wuce Kano ko Kaduna. Yau 'yan kasuwa suna saka hoton kaya a Facebook, WhatsApp da Jiji, a biya ta banki ko wurin mai POS, a ba direba a tasha ya kawo. An rage wahalar tafiya da haɗarin hanya, amma an rasa wani abu babba: taɓa kaya da hannu kafin a biya.

Me ke haddasa rigima?

Na farko, farashin da ke jikin hoto. A kasuwarmu mai saye yana tayawa, mai kaya ya ce albarka, a yi ta ja har ya ce ya sallama, kuma akwai mutane suna ji. A waya babu shaidu. Wani ɗan kasuwa yana rubuta ƙaramin kuɗi don a kira shi, idan an kira sai ya ce wancan ya ƙare, ko kuma tsohon farashi ne.

Na biyu, canjin dala. Da kuɗin waje ake shigo da kayan nan. A watan Yuni na 2023 Babban Bankin Najeriya ya bar kasuwa ta tsayar da darajar naira. Dalar da ke wajen naira 460 a farashin gwamnati kafin lokacin ta haura naira 1,500 a cikin 2024. Ɗan kasuwa yana lissafin abin da zai kashe ya sake sayo wani, shi ya sa hoton da aka saka wata uku da suka wuce ba lallai farashinsa ya tsaya ba. A nan ba kullum ne mai kaya yake da laifi ba.

Na uku, kuɗin da ba a ambata ba. Cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023 ya ɗaga kuɗin dakon kaya. Ga misali don lissafi kawai: an sallama injin tayar da mota a naira 40,000. Bayan an biya sai a ce kuɗin kaiwa tasha 2,000, na direba 6,000, la'adar dillali 3,000, cajin mai POS 500. Abin ya koma 51,500. Mai saye yana ganin an cuce shi, mai kaya yana cewa ai kuɗin kaya kawai aka yi magana.

Na huɗu, matakin kaya. Akwai Baljiyam na ainihi, akwai wanda aka cire daga motar da ta sha aiki a nan gida, akwai wanda aka gyara aka wanke da fetur aka fesa masa fenti, akwai kuma sabo mai araha. Kowanne da farashinsa, amma a hoto duk kamarsu ɗaya. Mafi yawan faɗa a nan yake: an biya kuɗin mataki na ɗaya, an karɓi na uku.

Na biyar, kaya ya zo bai shiga ba. Suna ɗaya ba ya nufin mota ɗaya. Corolla da aka ƙera don Amurka ta bambanta da ta Turai a wasu sassa, kuma kamfani yakan canza fasali daga shekara zuwa shekara. Haka nan Najeriya ta koma tuƙi ta hannun dama tun 1972, sitiyarin motocinmu yana hagu, alhali na Ingila da Japan yana dama. Wasu kayan sitiyari da aka cire daga irin waɗancan motoci ba za su zauna a tamu ba. Idan hakan ta faru, wa zai biya kuɗin mayarwa?

Me addini da doka suka ce?

Malamanmu na fiƙihu suna koyar da mu cewa ciniki yana inganta ne idan an san kaya, an san farashi, kuma kowa ya yarda. Ɓoye aibin kaya haramun ne, kuma wanda ya tarar da aibin da aka ɓoye masa yana da damar mayarwa. Shi ma mai saye bai halatta ya lalata kaya wajen ɗaurawa ya ce haka ya zo ba, ko ya tura sanarwar biyan kuɗi ta bogi. Ta ɓangaren gwamnati, dokar kare haƙƙin masu sayayya ta 2018 ta kafa hukumar FCCPC da ke karɓar ƙorafi. Dokar ta hana a karɓi fiye da farashin da aka nuna, ta kuma ba mai saye damar mayar da kayan da bai dace da yadda aka siffanta shi ba. Wanda kuma ya karɓi kuɗi ya kashe waya, wannan damfara ce, maganar 'yan sanda ce da hukumar EFCC.

Abin da za mu faɗa wa iyayenmu

1. A fara tambayar bakanike ainihin abin da ya lalace, kada a sayi abin da ba shi ne matsalar ba.
2. A tura hoton tsohon kayan, da lambar da ke jikinsa, da lambar shasi. A yawancin motoci haruffa da lambobi 17 ne, ana samun ta a ƙasan gilashin gaba ko jikin ƙofar direba.
3. A tambayi farashi a wuri uku, har da shagunan Gusau. Idan wani ya yi ƙasa sosai da sauran, a yi hattara. Araha ba ta ado.
4. A nemi kiran bidiyo a ga kayan da shagon. Gani ya kori ji.
5. A rubuta yarjejeniya a saƙo: matakin kaya, jimillar kuɗi har zuwa tasha, kwana nawa aka bayar na gwaji, da wanda zai biya kuɗin mayarwa.
6. Idan da hali, a sa wani amintacce da ke garin ya je ya duba, ko a ba da kafin alƙalami kaɗan a cika idan kaya ya iso.
7. A duba sunan da ke kan asusun banki ko ya dace da na mai kaya, a ajiye rasit da duk saƙonni.
8. Kayan da rai ya rataya a kansu, kamar birki da taya, gara a sayi sabo mai kyau.

Idan rigima ta riga ta faru, zagi ba ya dawo da kuɗi. A tura wa mai kaya hujja cikin ladabi. Idan ya ƙi, manyan kasuwanni suna da shugabanni da ke sasanta irin wannan, kafin a kai ga hukuma ko kotu.

'Yan uwa, wannan darasi bai tsaya kan mota ba. Haka ake sayen waya, takalmi da kayan babur. Idan Baba ya miƙo maka waya, ko Yaya ya ce ki duba masa, kada a yi gaggawar tura kuɗi. A karanta, a yi tambaya, a haɗa lissafi tukuna. Kuɗin da za a ceto wataƙila shi ne na rajistar jarrabawarmu.

Wanda ke da tambaya ko ƙarin bayani ya rubuto ya ba wakilin ƙungiya na ajinsu. Mu haɗu a fitowa ta gaba, in sha Allah.

Daga Ƙungiyar 'Yan Jarida ta Makaranta