Amsar Takardunku: Yaya za a gyara gida tsoho ya zauna lafiya, ya yi wa kansa hidima?

TAMBAYA: Takardarmu ta wannan mako ta fito ne daga hannun wani mai sauraronmu, manomi kuma ɗan tireda, daga Basawa ta Ƙaramar Hukumar Sabon Gari a jihar Kaduna. Bayan gaisuwa, ya ce mahaifinsa ya haura shekara 75, ƙafa ta yi nauyi, gani ya ragu, kuma sau biyu yana faɗuwa a gida cikin damina ɗaya. 'Yan'uwa sun rabu biyu. Wasu sun ce a hana shi fita ko nan da ƙofar ɗaki, a riƙa yi masa komai, wasu kuma sun ce a mayar da shi wurin ɗansa a Kaduna. Shi kuwa tsohon ya ce ba inda za shi. Shi ne mai tambaya yake son ya ji ko akwai gyaran da za a yi wa gida, wanda bai fi ƙarfin talaka ba, yadda dattijo zai ci gaba da zama a ɗakinsa ba tare da fargaba ba.

AMSA: To malam, mun gode da wannan takarda, Allah Ya ƙara wa Baba lafiya. Amsa a taƙaice ita ce akwai gyara, kuma yawancinsa aikin birkila ne da kafinta da mai walda na unguwarku.

Da farko dai kada a ɗauki faɗuwar tsoho abin wasa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana a shekarar 2021 cewa mutane kimanin 684,000 ne ke mutuwa duk shekara a duniya sanadiyyar faɗuwa, fiye da kashi 80 cikin 100 a ƙasashe matalauta da masu matsakaicin ƙarfi, kuma waɗanda suka haura shekara 60 su abin ya fi kashewa. Wani rahoton hukumar na 2007 ya nuna cewa kashi 28 zuwa 35 cikin 100 na masu shekara 65 zuwa sama suna faɗuwa a kowace shekara, watau wajen mutum ɗaya cikin uku. Dalili kuwa shi ne tsufa na rage ƙarfin cinya da gani, kana ƙashi ya yi rauni, musamman ga mata bayan sun daina al'ada. Faɗuwar da yaro zai tashi ya kakkaɓe rigarsa, ita ce ke karya wa tsoho ƙugu.

Amma shawarar a zaunar da shi wuri ɗaya, wannan gyaran gangar auzinawa ne. Jikin da ba ya motsi saurin lalacewa yake yi. Tsohon da aka kwantar, cinyarsa na ƙara saki, ran da ya miƙe kuma sai ya fi da saurin faɗuwa. Ga ɓacin rai, don dattijon da ya ciyar da gida shekara hamsin ba ya jin daɗin a riƙa kai masa buta kamar yaro. Sauya masa gari ma da nasa haɗarin, domin gidan da ya saba ƙafarsa ta san kowane lungu nasa, baƙon gida kuwa, ga tayil mai santsi ga matakala, sai ya rikita shi. Saboda haka gidan za a gyara.

Ga inda za ka fara. Ka tashi da dare, ka tsaya bakin gadon Baba, ka bi hanyar da yake bi zuwa bayan gida, sannan zuwa wurin alwala, zuwa zaure, har ƙofar masallaci. Ka tafi a hankali, kana jan ƙafa kamar yadda yake yi. Duk abin da ƙafarka ta taɓa, da duk inda ka nemi abin dafawa ka rasa, to wurin gyara ne. Yanzu bari mu bi wannan hanya daki-daki.

Mu fara da ɗaki. Katifa a ƙasa tana ba mai ciwon gwiwa wuyar tashi, gado mai tsawo ainun kuma wuyar sauka. Abin da ake so shi ne in ya zauna bakin gado tafin ƙafarsa ya taka ƙasa sosai, watau tsayin kamar inci 18, ƙafa ɗaya da rabi. In gadon ya yi ƙasa, kafinta ya ƙara masa ƙafa. A ɗauke tabarma mai naɗaɗɗen baki da ledar ɗaki da ta yage, don su ne ke harɗe ƙafa. Tocila, ruwan sha, magani, carbi, rediyo da sanda, duk su zauna inda hannu zai kai daga kwance. A tanadar masa fo mai murfi ko bokiti saboda fitsarin dare, a riƙa zubarwa da safe ba tare da surutu ba. A kuma sauya sakatar ɗakin zuwa irin wadda za a iya buɗewa ta waje, don in ya faɗi a ciki kada a tsaya ɓalle ƙofa.

Sai dokin ƙofa. A gidajenmu akan ɗaga shi don kada ruwan damina ya shiga ɗaki, to shi ne babban abin tuntuɓe. Kada a rushe shi baki ɗaya ruwa ya shigo. A yi masa gangare da siminti, ko a raba shi matakala biyu gajeru, kowace kada ta wuce inci 6. Ƙa'idar magina game da gangare ita ce duk tsayin inci ɗaya a ba shi tsawon ƙafa ɗaya. Alal misali, dokin ƙofa mai inci 4 yana son gangare mai ƙafa 4. A shafa wa bakinsa farin fenti ko farar ƙasa don ido ya rarrabe, kana a kafa ƙarfen riƙewa a jikin bango kusa da ƙofar.

Tsakar gida ita ce filin daga. Damina a ƙasar Zazzau takan kama daga wajen watan Mayu zuwa Oktoba, ruwa ya fi ƙarfi a Agusta, lokacin da gansakuka ke kama siminti, daɓe ya koma laka. A fitar wa Baba hanya guda mai faɗin ƙafa 3 daga ɗaki zuwa bayan gida, a cike ramuka da marmara, a daddaɓe. In da hali a zuba siminti, amma a gaya wa birkila kada ya goge shi sumul, ya ja tsintsiya a kai tun yana ɗanye don ya yi kaushi. A gyara rariya ruwa ya daina kwanciya, a karkatar da indararon da ke zuba kan hanyar. Sannan a kafa doka a gida: ba turken akuya, ba igiya, ba turmi, ba fartanya ko garma, ba shanyar masara a kan wannan hanya. Wannan doka kyauta ce, amma ta fi buhun siminti amfani.

Batun haske kuma, masana ido sun ce hasken da ke isa cikin idon ɗan shekara 60 bai wuce kamar sulusin na ɗan shekara 20 ba. Ka ga ke nan inda kai kake gani tangaran, shi duhu ne gare shi. Tun da wutar lantarki ba ta da tabbas, a nemi ƙananan fitilun sola, ana samunsu a kasuwar Samaru da ta Sabon Gari, a rataya ɗaya a ƙofar ɗaki, ɗaya a tsakiyar hanya, ɗaya cikin bayan gida. Hasken zai kuma nuna masa kunama ko maciji. A guji kyandir da aci-balbal kusa da gidan sauro.

Yanzu mun iso bayan gida, inda ruwa da sabulu da tsugunno suka haɗu. Tsugunawa da miƙewa aiki ne babba ga tsohuwar gwiwa, kuma miƙewa farat ɗaya na kawo jiri. Kafinta zai iya yin kujerar katako mai ƙwari, mai rami a tsakiya da hannuwa biyu, a ɗora ta kan bakin masai, a riƙa wanke ta kullum. Mai walda kuma ya lanƙwasa bututun ƙarfe irin na famfo, a binne shi da siminti a jikin bango, tsayin kamar ƙafa 3 daga ƙasa, watau daidai ƙugu. Kada a dogara da ƙusa a bangon ƙasa, zarewa take yi. In bangon na tubali ne, gara a kafa ƙarfen a ƙasa. Ka gwada shi da nauyinka kafin Baba ya dafa. A duba rufin masai ɗin ma, in azara ce ko katako da gara ta ci a sake shi, don masai kan rufta da damina. Wurin wanka a ajiye kujera ya yi wanka a zaune, haka wurin alwala a gina masa ɗan dakali.

Rijiya a ɗaga bakinta zuwa ƙugu, a yi mata murfi, jan guga kuma a bar wa yara. A ajiye masa randa kusa da ƙofa da ƙaramar buta wadda zai iya ɗauka. In akwai tsohuwa a gidan da har yanzu take son girkinta, kada a hana ta. A ɗaga mata murhu, a ba ta kujera mai tsayi, a sauko da kayan miya inda ba sai ta taka turmi ba, a kuma lura da bakin zani da mayafi kusa da wuta. Ga wani gargaɗi na lokacin sanyi: a watannin Disamba da Janairu akan shigar wa tsofaffi kaskon gawayi ɗaki a rufe ƙofa da taga. Gawayi na fitar da wata iska mai guba wadda ba ta da wari ba ta da launi, takan kashe mutum cikin barci. A ɗumama ɗakin, a fitar da kaskon kafin a kwanta, a ƙara bargo. Janareta ma a nisanta shi da tagar ɗaki.

Daga zaure zuwa masallaci kuwa, kwatar ƙofar gida da aka ɗora wa guntun katako a yi mata murfin siminti mai faɗi. In dattawan unguwa da yawa ke bin hanyar, to a yi aikin gayya. Silifa da ta sha ƙasa ta yi sumul a jefar da ita, a sayo takalmi mai kama dunduniya. Sanda kuma tana da awo: in ya miƙe ya saki hannu, kanta ya zo daidai wuyan hannunsa. A sa mata roba ko guntun taya a gindi, ya riƙe ta a ɓangaren ƙafar da ta fi lafiya.

Sai dai gyaran gida kaɗai ba ya isa, a duba jikin ma. Wanda ya faɗi sau biyu a shekara ya kamata likita ya gan shi. A tattara duk magungunan da yake sha, har na gargajiya da na kemis, a nuna, domin wasu magungunan hawan jini da na barci da na ciwon suga kan kawo jiri. Ya saba da zama bakin gado na minti ɗaya ko biyu kafin ya miƙe. A auna masa ido, don yanar ido ana cire ta da ɗan gajeren aiki gani ya dawo. Kuna da sa'a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika yana kusa da ku, akwai likitocin ido da na ƙashi da masu gashin ƙashi, ga kuma Cibiyar Kula da Ido ta Ƙasa a Kaduna. A bar shi ya riƙa 'yar tafiya kullum, ya sha hantsi, a ba shi nono da kifi da zogale gwargwadon hali.

In kuwa tsautsayi ya auku ya faɗi, kada a fizge shi ta hannu. In ya kasa taka ƙafa, ko aka ga ƙafa ɗaya ta gajarce ta juya waje, alamar karayar ƙugu ce. A ɗauke shi a kwance kan ƙyaure ko faffaɗan katako zuwa asibiti a ranar, a ɗauki hoton ƙashi, don irin wannan karaya ta fi ƙarfin ɗorin gida. In kansa ya bugu, aka ga amai ko yawan barci ko ruɗewa, ko da bayan kwanaki ne, a gaggauta kai shi. A kuma rataya masa usur ko ƙaramar waya a wuya don kiran mutane.

Game da hukuma, Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar kafa Cibiyar Kula da Dattawa ta Ƙasa a 2018, ta fara aiki a 2021. Amma rariya da dokin ƙofa aikin 'ya'ya ne. Shawararmu ita ce a yi na kyauta yau, watau kwashe tarkace da gyara shimfiɗa. Fitila da sanda da takalmi a saya ran kasuwa. Aikin siminti da walda a bari sai kaka, in an sayar da masara da waken soya, 'yan'uwa su yi karo-karo a gama kafin ruwa ya sauko. Kuma duk abin da za a taɓa a ɗakinsa a nemi izininsa tukuna, don gidansa ne, in ba da yardarsa aka kafa ƙarfe ba ba zai riƙe ba.

Da fatan mai tambaya da sauran jama'a sun gamsu. A ci gaba da aiko mana da takardu, sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu.